DALLA-DALLA: Ga masu karatu, babu mai bugawa: Yadda sabon marubucin Hausa ke fitar da littafinsa

Da misalin ƙarfe goma na dare, bayan an gama wanke-wanke kuma gida ya yi tsit, matashiyar marubuciya kan jawo wayarta ta ci gaba daga inda ta tsaya jiya. Da manyan yatsunta biyu take rubutun. Idan caji ya ƙare kuma ba a kawo wuta ba, babin zai kwana inda yake. Kafin gari ya waye saƙonni sun taru a zaurenta na WhatsApp, wasu na neman ci gaba, wasu na roƙon kada ta kashe tauraron labarin, wasu kuma na tambayar lambar asusun da za su biya.

Haka kwanakin da yawa daga cikin sababbin marubutan ƙagaggun labarai na Hausa ke tafiya, mata da maza, daga Kano zuwa Gusau har Maraɗi. Akasarinsu ɗalibai ne, ko malaman makaranta, ko matan aure, ko masu ƙananan sana'o'i. Masu karatu ba su yi musu ƙaranci ba. Abin da suka rasa shi ne kamfanin ɗab'i da zai karɓi aikinsu ya ɗauki nauyinsa. Wannan giɓi ne ke tsara yadda suke rubutu, da abin da suke rubutawa, da abin da ke shiga aljihunsu.

Maɗaba'a daban, kamfanin ɗab'i daban

Sau da yawa akan haɗa su a magana, alhali aikinsu ya bambanta. Maɗaba'a injin bugu gare ta. Ka kai mata rubutu, ka biya kuɗin takarda da tawada, ta miƙo maka littattafanka a ɗaure, daga nan ta gama nata. Shi kuwa kamfanin ɗab'i yana karanta rubutun ya zaɓa, ya ba edita ya gyara, ya biya kuɗin bugu daga aljihunsa, ya raba littafin a kasuwa, sannan ya riƙa biyan marubuci wani kaso daga cinikin. Idan littafin bai karɓu ba, asarar ta kamfani ce.

Maɗaba'u suna nan birjik a Kano da Kaduna da Zariya. Kamfanonin ɗab'in da ke karɓar ƙagaggen labarin Hausa daga hannun wanda ba a san shi ba kuwa, ba su taka kara sun karya ba. Manyan kamfanonin Najeriya sun fi karkata ga littattafan makaranta, domin nan ne ciniki yake da tabbas. Don haka marubuci shi ne editan kansa, shi ne mai jari, shi ne ɗan talla, shi ne kuma mai bin bashi.

Lokacin da hukuma ke neman marubuta

Ba haka abin ya faro ba. A 1933, Hukumar Fassara da ke Zariya ƙarƙashin Rupert East ta shirya gasar ƙagaggun labarai domin samar wa makarantu abin karantawa da boko. Daga wannan yunƙuri aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Daga baya aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sai hukumar NORLA a shekarun 1950, sannan kamfanin ɗab'i na Arewa, NNPC, a 1966 da haɗin gwiwar Macmillan.

Ta hanyar gasar NNPC ne So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980, littafin da ake ɗauka a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya kuma ta haifar da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare a 1982.

Ƙofar a lokacin ƙunci gare ta, littattafan da ke fitowa kaɗan ne, kuma hukuma ce ke zaɓar wanda zai shiga. Amma duk wanda ya shiga yana da edita, yana da masu raba masa littafi, yana kuma da kasuwar makarantu.

Yadda kasuwa ta karɓi ragama

Abubuwa biyu ne suka haɗu a shekarun 1980. Na farko, shirin ilimin firamare ga kowa na UPE da aka ƙaddamar a 1976, tare da makarantun yaƙi da jahilci, sun samar da ɗimbin matasa da matan aure masu iya karanta boko. Na biyu, tattalin arziki ya taɓarɓare, shirin SAP na gwamnatin Babangida a 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, kamfanonin ɗab'i suka ja da baya. Masu karatu suka ƙaru a daidai lokacin da masu bugawa suka ragu.

Sai marubuta suka ɗauki rubutunsu suka nufi maɗaba'a da kansu. Balaraba Ramat Yakubu, da Ado Ahmad Gidan Dabino, da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yan Gurasa sun yi fice a ƙungiyar Raina Kama. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta zama sunan da aka sani a kusan kowane gidan masu karatu. Littattafai irin su Alhaki Kwikwiyo Ne da In Da So Da Ƙauna suka zagaye Arewa. Masana sun yi doguwar muhawara a jaridu kan wannan adabi, musamman tsakanin Ibrahim Malumfashi, wanda ya yayata sunan Adabin Kasuwar Kano, da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu.

Tsarin kasuwancin shi ne marubuci ya buga da kuɗinsa, ya kai wa dillalai a kasuwar Sabon Gari, su riƙa biyan sa kaɗan-kaɗan yayin da littafi ke tafiya. Wanda ba shi da jari yakan sayar wa ɗan kasuwa da rubutun ɗungurungum, ya karɓi kuɗi sau ɗaya, ko da za a sake buga littafin sau goma. Raba labari zuwa littafi na ɗaya da na biyu da na uku ma dabara ce ta jari, domin cinikin na ɗaya ne ke buga na biyu.

Daga rumfar kasuwa zuwa allon waya

Wannan kasuwa ta ja baya ƙwarai. Finafinan Kannywood sun janye wasu marubutan da wasu masu karatun, wayar hannu ta janye saura. Ga kuma tsadar takarda. Masana'antun takarda na gwamnati da aka gina a Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe da kasa biyan buƙatar ƙasar, don haka da dala ake shigo da mafi yawan takardar bugu. Da aka saki naira ta nema wa kanta daraja a watan Yunin 2023, kuɗin buga littafi ya ƙara nisa da aljihun ɗalibi ko malamin firamare.

Sabon marubuci a yau yakan fara ne da shiga wata ƙungiyar marubuta ta intanet. Ya saki littafinsa na farko kyauta a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad domin ya tara jama'a. Idan sunansa ya fara zagayawa, sai ya fito da na kuɗi. Yakan saki shafukan farko kyauta, ya tsaya a daidai inda labari ya ɗau zafi. Mai son ci gaba ya tura kuɗi, ya aiko da shaidar biya, a saka shi a zaure na musamman. Wasu kuma suna ɗora littattafansu a manhajoji irin su ArewaBooks.

Tsarin ya buɗe ƙofa ga waɗanda da ba za su taɓa samun shiga ba, musamman matan da ba sa fita kasuwa. Amma yana da nasa nauyin. Wanda ya karɓi kuɗin mutane dole ya riƙa sakin babi kusan kullum, ko yana da lafiya ko ba shi da ita. Babu lokacin ajiye rubutu ya huce a sake duba shi, babu editan da zai ce wannan babi bai da amfani ko a gyara ƙa'idar rubutu. Masu karatu na tsoma baki a labari tun yana kan wuta, marubuci kuma na tsoron ɓata wa waɗanda suka biya rai. Shi ya sa labarai ke yin tsawo fiye da kima, jigo ɗaya ke ta maimaituwa, wasu kuma ke jefa batsa domin jan kasuwa. Wanda ke son rubuta labarin siyasa, ko na rayuwar 'yan gudun hijira, ko na manomin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa, yakan tsaya ya yi lissafin ko akwai mai biya.

Dandalin ma ba shi da tabbas. A ƙarshen 2023 manhajar OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama ke sayar da littattafansu, ta rufe, kowa ya koma neman wata rumfar.

Satar fasaha da abin da doka ta ce

Babban abin da ke ci wa marubutan intanet tuwo a ƙwarya shi ne fitar da littafi. Mutum ɗaya ya biya, ya kwafe shafukan, ya watsa su a wasu zauruka kyauta. Wasu na tattara littafin su ɗora a shafukansu suna cin kuɗin talla. Wasu na karanta shi a YouTube ba tare da izini ba. Abin da marubuciya ke iya yi sau da yawa bai wuce ta rubuta gargaɗi da Allah ya isa a saman kowane shafi ba.

Alhali doka tana bayanta. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare rubutu tun daga lokacin da aka rubuta shi, ko da a waya ne, ba sai an yi masa rajista ba. Kariyar tana ɗorewa har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Dokar ta ba mai haƙƙi damar neman a sauke aikinsa daga shafin da aka ɗora shi ba da izini ba, ta kuma ce sayar da haƙƙin littafi ba ya inganta sai a rubuce. Wannan na ƙarshe ya shafi duk wanda furodusa ko mai tashar YouTube ya yi wa tayin sayen labari da baka. Matsalar ita ce da yawa ba su san dokar ba, kuɗin lauya kuma ya ninka cinikin littafin sau da yawa.

Ƙofofin da suka rage

Gasa ce ta fi kama da tsohuwar ƙofar 1933. Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata marubuta, ta fito da sunaye irin su Aisha Muhammad Sabitu da ta lashe karon farko da labarin Sansani, da Amira Souley daga Jamhuriyar Nijar da ta yi nasara a 2022. A nan ne sabuwar marubuciya kan fara haɗuwa da alƙalai masu auna aiki da ma'aunin adabi. Sai dai gasa sau ɗaya take zuwa a shekara, kuma mutane ƙalilan take ɗauka.

Wasu na komawa rubuta finafinai masu dogon zango, inda ake biya, ko da yake sunan marubuci kan ɓace a bayan na jarumai. Masu rubutu da Ingilishi kuwa suna da wata hanyar. Abubakar Adam Ibrahim ya lashe kyautar adabi ta NLNG mai dala 100,000 a 2016 da littafinsa Season of Crimson Blossoms. Babu wata kyauta ta rubutun Hausa da ta kusanci wannan adadi.

Ina hukuma take?

Marubutan Kano sun fi sanin hukuma ta fuskar tacewa. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar a 2001. A 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Ibrahim Shekarau, an ƙone wasu littattafan Hausa a bainar jama'a bisa zargin ɓata tarbiyya. Daga bisani hukumar, a zamanin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta buƙaci marubuta su yi rajista su kuma kai littattafansu a tace.

Ƙorafin iyaye kan batsa gaskiya ne, marubuta da kansu suna yin sa. Amma gyaran rubutu aikin edita ne, edita kuma sai da kamfani, kamfani sai da kasuwa mai tabbas. Gwamnatocin jihohi na da hanyar samar da wannan kasuwa ba tare da kafa sabuwar hukuma ba: su riƙa sayen sababbin littattafan Hausa ga ɗakunan karatu da makarantu, su saka ayyukan matasa a manhajar karatu, Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa kuma ta wayar da kan marubuta da harshen da suke rubutu da shi. Ƙungiyoyin marubuta, irin su ANA, za su iya samar da takardar yarjejeniya mai sauƙi da kowa zai riƙa amfani da ita kafin ya sayar da labarinsa.

Akwai kuma batun adanawa. Ruwan Bagaja ya haura shekara 90 ana karanta shi, domin an buga shi an kuma ajiye. Littafin da ke zaune a zauren WhatsApp kuwa yana iya tafiya ranar da waya ta faɗa ruwa ko aka sace ta. Masu nazari sun daɗe suna amfani da littattafan shekarun 1990 wajen fahimtar yadda matan Arewa suka kalli auren dole da kishi da karatun 'ya mace. Wanda zai nemi sanin yadda matasan yau suka rayu da tsadar rayuwa da rashin tsaro zai buƙaci irin wannan shaida, kuma mafi yawanta a yanzu tana cikin wayoyin da ake rubutu da su da daddare.