Kogin da Ke Bin Agogon Lantarki: Madatsar Glen Canyon da Yawon Kwalekwale a Kolorado

A al'ada, matuƙin kwalekwale yana karanta kogi ne da yanayin shekara: ya san lokacin cikowa, ya san na janyewa. Wannan maƙala ta dubi yadda madatsar ruwa ke rushe wannan sani, ta hanyar ɗaukar misali daga Kogin Kolorado na ƙasar Amurka, a ɓangarensa da ya ratsa kwazazzabon Grand Canyon cikin jihar Arizona. Dubban masu yawon shaƙatawa suna bin wannan hanya kowace shekara, galibi a kwalekwalen roba da ake hura wa iska. Sukan taso daga Lees Ferry, su shafe mako ɗaya zuwa uku suna kwana a bakin ruwa.

Kafin 1963, narkewar dusar ƙanƙara a tsaunukan Rocky ke cika kogin a watannin Mayu da Yuni, har gudunsa ya haura kubik mita 2,000 a kowane sakan, sannan ya ja baya ƙwarai da hunturu. A wannan shekarar aka rufe ƙofofin madatsar Glen Canyon, kimanin kilomita 25 sama da Lees Ferry, Tafkin Powell ya fara taruwa. Daga nan sakin ruwa ya koma bin buƙatar wutar lantarki. Da rana, lokacin da birane ke jan wuta, a buɗe injuna; da dare da ƙarshen mako a rage. A shekarun 1970 da 1980 ruwan kan tashi daga ƙasa da kubik mita 100 zuwa kusan 890 cikin yini guda.

Abin da wannan ya haifar wa matuƙa ya fi ƙarfin lissafi a takarda. Mutum ya ɗaure kwalekwalensa da yamma yana kan ruwa, ya wayi gari ya tarar da shi a kan busasshen yashi, da kaya masu nauyin da mutum goma ba su iya turawa. Wani kuma ya kafa tanti kusa da gaɓa, ruwa ya taso masa cikin dare. Abin lura shi ne cikowar tana gangarawa ne kamar igiya, don haka ruwan da aka saki da safe ba ya isa tsakiyar kwazazzabon sai bayan sa'o'i masu yawa. Ke nan dole matuƙi ya haɗa jadawalin madatsa da nisan da ya ci, kafin ya san ko da cikowa ko da janyewa zai tunkari wuraren da ruwa ke gangarowa da ƙarfi ta tsakanin duwatsu. Irin waɗannan wurare ma ba halinsu ɗaya ba: wasu sun fi haɗari idan ruwa ya ja duwatsu suka fito, wasu kuwa sai ya cika.

Majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar kare Grand Canyon a 1992, kuma ƙa'idojin 1996 suka ƙayyade sakin yau da kullum: kada ya gaza kimanin kubik mita 227 da rana da 142 da dare, kada kuma ya wuce 708. Wannan ya rage wahalar matuƙa sosai.

Sai dai matsalar da ta fi zurfi ita ce ta yashi. Mafi yawan laka da rairayin da kogin ke ɗaukowa yanzu suna kwantawa ne a gindin tafki, ruwan da ke fitowa garau yana ta zaizaye tuddan yashin da matafiya ke kwana a kai. A watan Maris na 1996 aka gwada ambaliyar ganganci, aka saki kusan kubik mita 1,270 a sakan har kwana bakwai. Tuddan sun taso, amma da yawansu ba su daɗe ba suka sake zaizayewa. Daga baya aka gane cewa sai an jira Kogin Paria, wanda ke shigowa ƙasa kaɗan da Lees Ferry, ya zubo sabon yashi kafin a saki ruwan. A ganin mai wannan nazari, gyara ne na wucin gadi, domin duk yana rataye ne a kan cikar tafki. Da fari ya tsananta, ba a yi irin wannan saki ba a 2021 da 2022, kuma a farkon 2023 ruwan Tafkin Powell ya faɗi ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da yake iya ɗauka.