Karin Sauti da Kaɗawar Iska: Darasi Daga Kalangun Garwa

1.0 Mene ne Sauti?

Duk sautin da kunne ya ji, wani abu ne ya kaɗa. Idan makaɗi ya bugi fatar kalangu, sai fatar ta yi karkarwa, ta riƙa tura iskar da ke kusa da ita tana sakinta. Wannan matsi da sakin shi ne ke tafiya har ya iso dodon kunne. Ita iskar ba ta barin wurinta, motsin ne kawai ke wucewa, kamar yadda ruwan Binuwai ke yin zobe-zobe idan an jefa dutse. Gudun sauti a iska kimanin mita 343 ne a sakan ɗaya idan zafi yana digiri 20. A bazarar Garwa kuwa, inda zafi kan kai digiri 40, yakan kai wajen mita 355.

2.0 Yawan Kaɗawa

Abin da ke sa sauti ya yi sama ko ƙasa shi ne yawan kaɗawa a sakan ɗaya. Ana auna shi da ma'aunin hats, daga sunan Bajamushe Heinrich Hertz (1857-1894). Kunnen ɗan Adam yana jin daga hats 20 zuwa 20,000. A nan ne ɗalibai kan yi kuskure: suna ɗaukar ƙarar murya a matsayin karin sama. Ba haka ba ne. Ƙara ta dogara da girman kaɗawa, kari kuwa da saurinta.

Dubi kalangu. Makaɗi yakan matse tsarkiyoyinsa a hammata, fata ta ɗame, kaɗawarta ta ƙaru, sauti ya hau. Da ya sassauta sai ya sauka. Haka tantanin maƙwallato yake yi. Idan ka ce kuka na hawaye, gaɓoɓi biyun duk karin sama ne. Idan ka ce kuka ta miya, ka sassauta tantanin a gaɓa ta biyu, ta faɗi ƙasa.

Garwa wuri ne mai kyau na lura da wannan. Fulfulde, harshen da aka fi ji a kasuwanninta, ba ya rarrabe ma'anar kalma da kari, Hausa kuwa tana yi. Shi ya sa kalangu ke iya kwaikwayon kirarin Hausa har mai sauraro ya gane shi.

Kayan busa kuma tsawon iskar cikin bututu ne ke mulkinsu. Mai algaita a fadar Lamiɗo idan ya buɗe huda, ya gajarta iskar ke nan, sauti ya hau. Kakaki ba shi da huda, sai mabushi ya nemi 'yan sautukansa da leɓe.

A lura kuma, karin Hausa ba shi da ƙayyadadden hats. Karin ƙasan mace kan fi karin saman namiji yawan kaɗawa. Da gaɓar da ke maƙwabtaka ake auna shi, a bakin mai magana ɗaya.