Kafaɗa Bayan Tiyata: Yaushe Mai Ɗaga Ƙarfe Zai Koma Fage?

Ɗaga ƙarfe ya sami karɓuwa wurin samarin Sakkwato kamar yadda ya samu a sauran biranen Arewa. Wasu suna zuwa gidajen motsa jiki, wasu kuwa siminti suke zubawa a gwangwani biyu su soka bututu a tsakani. A ɗauki misalin saurayi ɗan shekara 19 mazaunin Sama Road, wanda kafaɗarsa ta goce da ya faɗo daga kan kabu-kabu, ta sake gocewa a wurin kokawa, har dai likitoci suka ce sai an yi aiki. Bayan mako shida da tiyata ciwo ya ɗauke, hannu yana ɗaguwa, abokai suna ta kiransa. A wannan lokaci ne ya fi shiga haɗari, domin ɗaukewar ciwo da dawowar ƙarfi suna riga warkewar ɗinkin da ke ciki da makonni masu yawa.

Yadda kafaɗa take

Gaɓar ƙugu kamar taɓarya ce a cikin turmi, kan ƙashin cinya ya nutse cikin rami mai zurfi. Gaɓar kafaɗa kuwa ta fi kama da tulu a kan gammo. Kan ƙashin dantse dunƙulalle ne, gurbin da yake zama a jikin allon kafaɗa kuma bai rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku nasa ba. Wannan ne ya sa babu gaɓar da ta kai kafaɗa juyawa a jikin mutum, babu kuma babbar gaɓar da ta kai ta yawan gocewa.

Abubuwa biyu ne ke tsare tulun kada ya gangaro. Na farko wani zobe ne na guringuntsi da ya kewaye bakin gurbin yana ƙara masa zurfi, shi ne gammon. Na biyu wasu tsokoki ne guda huɗu da suka taso daga allon kafaɗa suka rungume kan ƙashin dantse ta sama da gaba da baya, za a kira su tsokokin riƙo. Kowace tsoka tana ƙarewa da farar jijiya mai tauri wadda ta manne da ƙashi. Hausa tana kiran hanyar jini jijiya, tana kuma kiran mai kai saƙon ƙwaƙwalwa jijiya, to amma wadda ake nufi a nan ita ce irin agarar da mahauci ke fama da ita a ƙafar sa.

A cikin kowace gocewa 100, kimanin 95 ƙashin gaba yake fita, kuma sau da yawa yakan ɓamɓare gammon daga bakin gurbin. Ana iya mai da ƙashi mazauninsa, amma gammon ba kullum yake komawa daidai ba. Wani bincike da aka buga a 2006 a birnin Edinbura ya bi mutum 252 masu shekara 15 zuwa 35 waɗanda aka mai da musu ƙashi ba tare da tiyata ba. Kusan kashi 56 cikin 100 kafaɗarsu ta sake kwancewa cikin shekara biyu, adadin kuma ya kai kashi 67 cikin shekara biyar. Samari ƙanana su suka fi yawa. Wannan ne dalilin da ya sa wanda maɗori ya gyara wa kafaɗa sau biyu ko uku ya kamata ya dangana da likitan ƙashi, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Asibitin Ƙashi na Wamakko, ko na Dala a Kano wanda aka buɗe tun 1959.

Matsalar tsohuwa ce. Kimanin shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), likitan Girka Hifokiratis ya bayyana yadda ake sa diddige a hamata a ja hannu, da yadda ake ƙona hamata da jan ƙarfe don tabo ya ɗaure gaɓar. A 1923 ne wani likitan Landan mai suna Bankart ya bayyana aikin ɗinke gammon a jikin ƙashi, aikin da har yau ake kira da sunansa. A 1954 kuma Latarjet na birnin Liyon a Faransa ya fito da dabarar yanko wani ɗan tsinin ƙashi daga allon kafaɗa a ɗaure shi a gaban gurbin ya zama shinge. A yau akan yi da yawa daga irin waɗannan ayyuka ta ƙananan huda da kyamara, abin da ke rage ciwo da girman tabo. Sai dai ƙanƙantar tabon waje ba ta rage ko kwana ɗaya daga lokacin da na ciki ke bukata.

Abin da zare ba ya iya yi

Likita ba ya haɗa jijiya da ƙashi. Abin da yake yi shi ne ya jawo ta ya ɗaure da zare a jikin wasu 'yan ƙusoshi da ya kafa a ƙashin, ta zauna wuri ɗaya har jiki ya yi nasa aikin. A makon farko jini yana taruwa, wurin ya kumbura, ƙwayoyin jiki su share abin da ya mutu. Daga nan zuwa wajen mako shida jiki yana zuba wani sinadari mai kama da zare da ake kira kolajin, amma a hargitse, kamar audugar da ba a kaɗa ba. Sai a watannin da ke biye ne zaren ke miƙewa ya jeru ta fuskar da ake jan sa, ya yi kauri, ya kuma kafa saiwa cikin ƙashi.

A 2010 wasu masana a Sidni ta Ostareliya, ƙarƙashin Farfesa Sonnabend, sun buga sakamakon gwajin da suka yi a kan gwaggon biri. Sun ɗinke jijiyar kafaɗa, suka riƙa duba ta da madubin likita. A mako na takwas, idan aka dube ta da ido sai a ce ta warke, amma a ƙarƙashin madubi ɗanya ce. Saiwoyin da ke kama ƙashi ba su bayyana da yawa ba sai a mako na 12, mahaɗar kuma ba ta kusa nuna ba sai a mako na 15. Bincike a kan mutane ya dace da wannan, domin yawancin ɗinkin da ke sake yagewa cikin wata shida na farko yake yagewa.

Jijiya ba ta da wadatar jini kamar tsoka, shi ya sa take fara, tsoka kuwa ja. Ita tsoka da zarar an fara motsa ta sai ta amsa. Hasali ma ƙarfin da mutum ke ji ya ƙaru a makonnin farko na atisaye yawancinsa ba daga girman tsoka yake ba, ƙwaƙwalwa ce ta sake koyon kiran zarurrukan tsokar su yi aiki tare. Wanda kuma ya taɓa ɗaga ƙarfe ƙarfinsa ya fi saurin dawowa. Wani bincike a Jami'ar Oslo a 2010 ya nuna cewa a jikin ɓeraye, ƙarin cibiyoyin da zaren tsoka ya tara lokacin aiki ba sa ɓacewa ko da tsokar ta motse. Ke nan gogaggen mai ɗaga ƙarfe ya fi sabon shiga ikon tsinka ɗinkinsa, tun da dokinsa ya yi ƙarfi alhali linzamin bai gama haɗuwa ba.

Ɗan lissafi

Ɗalibin kimiyya zai iya gane nauyin da ke kan kafaɗa da alƙalami. Daga kafaɗa zuwa tafin hannun baligi akwai kimanin santimita 60. Tsokokin da ke ɗaga hannu kuwa suna ja ne daga tazarar da ba ta wuce santimita 3 daga tsakiyar gaɓa ba. Idan mutum ya miƙe hannu gefe riƙe da kilo 5, sai a ninka 5 sau 60, a sami 300, a raba da 3. Amsa ita ce 100. Wato tsokoki suna ja da ƙarfin da ya yi daidai da buhun siminti biyu don a riƙe rabin bokitin ruwa. Hannun kansa ma kaya ne. Nauyinsa kusan kashi 5 cikin 100 na jiki ne, wato kilo 3 da rabi ga mai kilo 70, kuma tsakiyar nauyin tana wajen santimita 30 daga kafaɗa, wanda ya ba da kilo 35. Da wannan za a fahimci dalilin da ya sa ake hana majiyyaci ɗaga ko da hannunsa kawai a makonnin farko, da kuma dalilin da ya sa ake fara atisaye da gwiwar hannu a lanƙwashe a jikin haƙarƙari.

Matakan komawa

Tsarin yana bambanta gwargwadon irin aikin da girman yagewar, kuma maganar likitan da ya ga cikin gaɓar ita ce gaba da kowane jadawali. Amma galibi hannu yakan zauna a rataye mako huɗu zuwa shida. A lokacin ana motsa yatsu da wuyan hannu da gwiwar hannu, likitan gashin ƙashi kuma shi ke ɗaga hannun, majiyyaci ya sake jiki. Akwai kuma lilon da Dakta Codman na Boston ya bayyana a littafinsa na 1934: mutum ya sunkuya ya dafa tebur, ya bar hannun yana reto. Barin gaɓa ba motsi sam yana sa ta sandare, musamman ga mai ciwon sukari, saboda haka ɗaure hannu wata uku don tsoro shi ma ɓarna ce. Wajen sa riga a fara zura hannun da aka yi wa aiki, wajen cirewa a bar shi ƙarshe. Barci a jingine da matashi ya fi kwanciya a miƙe sauƙi.

Daga mako shida zuwa 12 majiyyaci yana fara ɗaga hannun da kansa ba tare da kaya ba. Bayan nan ne ake shigo da igiyar roba da ƙananan nauyi. Ledar ruwa ɗaya rabin kilo ce, kuma ta isa mafari. Manyan ƙarafa da kokawa da dambe sai bayan wata huɗu zuwa shida, wani lokaci fiye, kuma bayan an auna an ga ƙarfin wannan kafaɗa ya kai kimanin kashi 90 cikin 100 na ɗayar.

Zaman jira ba zaman banza ba ne. Ana iya horar da ƙafafu, ana kuma iya horar da hannu mai lafiya. Tun 1894 masana a Jami'ar Yale suka lura cewa idan aka horar da hannu ɗaya, ɗayan ma yana ƙara ƙarfi, domin ƙwaƙwalwa ɗaya ce ke tuƙa su.

Abin mamaki, ɗaga ƙarfe da kansa magani ne idan lokacinsa ya yi, domin jan da ake wa sabon kolajin shi ke koya masa jeruwa. Wanda ya shigo da wannan cikin aikin asibiti shi ne Dakta Thomas DeLorme, likitan sojan Amurka kuma mai ɗaga ƙarfe, wanda ya gwada shi a kan sojojin da suka ji rauni a wani asibitin soja a Shikago, ya buga sakamakon a 1945. A 1948 shi da Dakta Watkins suka daidaita tsarin: a nemo nauyin da mutum zai iya ɗagawa sau goma kacal, ya yi goma da rabinsa, goma da kashi uku cikin huɗu, sa'an nan goma da cikakkensa, a riƙa ƙari kaɗan-kaɗan. Ga mai ɗinki a kafaɗa, ana farawa ƙasa da haka sosai. Idan ciwon atisaye ya kwana ya wuni, ko ya hana barci, to ƙarin ya yi yawa, sai a koma baya.

Akwai tsayuwa ɗaya da mai aikin Bankart zai kiyaye: dantse a buɗe gefe, hannu ya juya baya, kamar mai shirin jifa. A haka ƙashin ya fita tun farko. Sauko da sanda bayan ƙeya, da riƙon sanda da faɗi lokacin turawa daga ƙirji, da nutsawa ƙasa tsakanin sanduna biyu, duk suna kai kafaɗa can. Maganin shi ne a matso da hannuwa, kada faɗin riƙo ya wuce faɗin kafaɗu sau ɗaya da rabi, a kuma tabbata ido yana ganin gwiwoyin hannu koyaushe. Samari sun fi son tsokar ƙirji don ita madubi ke nunawa, alhali tsokokin riƙo da na bayan allo, waɗanda ba mai yabawa, su ke tsare gaɓar.

Sigari yana takura ƙananan hanyoyin jini a wurin da dama jinin bai wadata ba, kuma an tabbatar masu shan sa sun fi fuskantar rashin kamawar ɗinki. Haka ma sukarin da ba a shawo kansa ba. Allurar ƙara tsoka tana faɗaɗa tazarar da ke tsakanin ƙarfin tsoka da na jijiya. Tiramadol kuwa, idan aka sha shi don a iya atisaye, yana kashe ciwon da shi kaɗai ne zai gaya wa mutum ya ajiye. Abin da jiki ke bukata don gina kolajin yana nan a kasuwar Sakkwato: wake, ƙwai, kifi, ƙuli-ƙuli, fura da nono, da lemo ko gwaiba saboda bitamin C.

Zazzaɓi, ko ruwa daga bakin ɗinki, ko jin ƙara a kafaɗa sa'an nan hannu ya mutu, ko dindiris a gefen dantse da ya ƙi wucewa, kowanne daga cikinsu dalili ne na komawa asibiti a ranar, ba sai an jira ranar da aka rubuta a kati ba.