Amsoshin Masu Sauraro: Me Ke Ƙona Bakin Ganyen Lalle Da Zogale?

Wani mai sauraronmu daga Auyo ya aiko da takarda, ya ce bakin ganyen lallen da ya yi shinge da shi, da zogalensa, ya bushe kamar an kusantar da wuta. Yana so ya san wane magani zai saya ya fesa.

To Malam, ka dakata da sayen magani tukuna. Bakin ganye shi ne wuri na ƙarshe da ruwa ke kaiwa daga saiwa, don haka idan saiwa ta samu matsala, nan ake fara gani.

Da farko ka tona gindin shukar kamar tsawon taƙi. In ƙasar ta bushe, kuma ganyen da ke fuskantar arewa maso gabas ne ya fi ƙonewa, to ƙishirwa ce da iskar hunturu. Ka riƙa ban ruwa sosai da yamma, ka rufe gindin da karan gero ko ciyawa.

In kuwa ƙasar ta jiƙe sharkaf, saiwar ta yi baƙi tana wari, ruwa ne ya yi yawa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa na gudana a Kogin Hadejia har da rani, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, fadamu da yawa ba sa tsotsewa. Saiwar da ta ruɓe ba ta shan ruwa. Ka yi magudana, ka ɗaga kunya.

In ka ga farin ɓawo a saman ƙasa, kanwa ce ko gishiri. Ka kankare shi, ka malala ruwa mai yawa ya wanke ƙasa, amma sai inda ruwan ke da mafita, sannan ka zuba takin gargajiya da ya ruɓe.

Haka nan takin zamani, musamman yuriya, in ya taɓa gindi yakan ƙona ganye cikin 'yan kwanaki. A sa shi nesa da gindi, a bi da ruwa.

Cuta kuwa galibi ɗigo-ɗigo take yi a tsakiyar ganye. In ka ga haka, kai ganyen ga malamin gona na JARDA ya duba.

Ganyen da ya ƙone ba ya komawa kore. Sabon toho za ka duba. In ya fito lafiya, ka gano bakin zaren. Allah ya sa albarka a noma.