Ko Kun Sani? Haƙori Ba Ya Mantuwa

Haƙorin mutum yana riƙe lissafin duk tururin nukiliyar da ya taɓa ratsa shi. Idan tururin ya bugi farin ɓawon haƙori, sai wasu ƙwayoyin ilektiron su rabu da abokan zamansu, su maƙale a ciki. Na'urar EPR, wadda Yevgeny Zavoisky ya gano dabararta a Kazan ta Rasha a 1944, takan auna yawansu da maganaɗisu mai ƙarfi. Da ita aka ƙiyasta tururin da ya shiga jikin waɗanda suka tsira daga bam ɗin nukiliya na Hiroshima da hatsarin tashar nukiliya ta Canobil. A 2017 kuma ta taimaka aka gano cewa wani haƙori daga Jebel Irhoud a Maroko ya kusa shekara 300,000, domin ita ma ƙasa tana fitar da tururin kaɗan-kaɗan, yawan wanda ya ratsa haƙorin kuma yana nuna daɗewarsa a cikinta.