Hawan babur mai ƙafa huɗu a rairayi: Girman taya ba shi ne ƙarfi ba

Da zarar sanyi ya shigo ƙasar Saudiyya, duk wanda ya bi hanyar Sumama da ke arewacin birnin Riyad a yammacin Juma'a zai ga yadda matasa ke tururuwa zuwa jigayin rairayi da baburan nan masu ƙafa huɗu, waɗanda Larabawa ke kira dabbab. A cikinsu har da 'ya'yanmu Hausawa mazauna ƙasar. A da haya suke yi na 'yan mintoci, amma yanzu wasu sun kai ga tara kuɗi su sayi nasu, kuma abu na farko da sabon mai babur ke kwaɗayin sauyawa shi ne tayoyin baya. A nan ne da yawa ke yin asara.

Mun taɓa ganin wani matashi da ya sa wa baburinsa mai inji cc 400 manyan tayoyi masu cokula goma, saboda ya ga irinsu a baburan gasa. Da ya tunkari jigawa ta farko, bai kai rabi ba injin ya fara nishi, ya mutu, babur ya soma ja da baya da shi. Allah Ya kiyaye bai kife a kansa ba. Abokinsa mai irin wannan babur, da tayoyi ƙanana masu cokula shida, ya haye ba tare da wata wahala ba.

Ita dai wannan taya ta rairayi jikinta sumul yake, sai wasu fika-fikan roba da aka jera a gicciye, masu kama da cokali ko filafilin kwale-kwale. Aikinsu su kamfato rairayi su watsa baya, ta haka babur ke samun abin dogarawa ya yi gaba. Ke nan kowane cokali kaya ne a kan inji. Idan sun yi yawa, injin ba zai iya juya tayar da sauri ba, sai ya shaƙe, kuloci ya yi zafi. Idan kuma sun yi kaɗan ga inji mai ƙarfi, tayar za ta yi ta juyawa a banza tana tona wa kanta rami.

Kafin mai karatu ya je shago, ya kamata ya iya karanta lambobin da ke gefen taya. Idan aka rubuta 20x11-10, ana nufin tsayinta inci 20 ne, faɗinta inci 11, sannan tana hawa rim mai inci 10. Lambar farko ita ce ta fi ruɗar jama'a. Taya mai inci 20 tana cin kusan inci 63 na ƙasa a kowane juyi, mai inci 22 kuwa kusan inci 69, wato ƙarin kashi 10 cikin 100. Wannan daidai yake da mutum ya tashi babur da giyar da ta fi wadda ta dace. A shimfiɗaɗɗen fili zai ƙara gudu, amma a hawan tudu ƙarfi zai ragu. Amfanin doguwar taya shi ne tana yawo a saman rairayi mai laushi, tana kuma ɗaga cikin babur daga ƙasa. Wanda ya nace sai ita, makanikai kan rage masa haƙori ɗaya a ƙaramin faifan sarƙa na gaba, misali daga 14 zuwa 13, wanda ke maido da kusan kashi 7 daga cikin kashi 10 ɗin da aka rasa.

A bisa abin da mahaya suka saba, babur mai cc 400 da ba a taɓa injinsa ba, irin su Honda TRX400EX ko Suzuki LT-Z400, ya fi sakewa da taya mai inci 20 da cokula shida zuwa takwas. Masu cc 450 na tsere suna ɗaukar cokula takwas a inci 20 ko 21. Yamaha Raptor 700, mai ƙarfin ja tun daga ƙasa, yana iya juya inci 21 ko 22. Shi kuwa Yamaha Banshee mai cc 350, wanda samarin yankin Gulf suka daɗe suna so, ƙarfinsa sai ya ɗau zafi yake fitowa, don haka ba ya son taya mai nauyi da za ta hana shi kuka. Cokula goma zuwa sama na injinan da aka yi wa aiki ne, irin waɗanda ake fafatawa da su a Tal Murib da ke Liwa a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, jigawar da tsayinta ya kai kimanin mita 300.

Sai dai inji ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Mahayi mai jiki ƙarin kaya ne, kuma yana danne tayar ta kama sosai, saboda haka ba lallai ya buƙaci ƙarin cokula ba. Haka rairayin da ruwan sama ya taɓa yana riƙe taya fiye da busasshe na lokacin zafi. Siffar cokulan ma abin dubawa ce: miƙaƙƙu sun fi kyau ga hawa kai tsaye da tsere, amma suna tura babur gaba a lokacin da ake son karya kwana, alhali masu lanƙwasa kamar harafin V sun fi sauƙin juyawa, ga wanda yawo ya kawo shi. Rim mai inci 8 ya fi sauƙin nauyi, ya kuma bar wa taya ciki mai yawa, mai inci 10 kuma ya fi tsayawa daram a kwana.

A gaba ba a sa wa irin waɗannan babura cokula, tunda ƙafafun baya ne ke ja. Ana sa sumul, ko mai ƙundu ɗaya a tsakiya da ke yanka rairayi idan an karya kai. Iska kuwa kaɗan ake so, fam 3 zuwa 5, kuma ta zama daidai a hagu da dama, in ba haka ba babur zai riƙa jan gefe guda. A duba kibiyar da ke jikin taya kafin a ɗaura, domin idan aka juya ta baya ba za ta kamfaci komai ba. Kada kuma a hau kwalta ko tsakuwa da ita, nan da nan cokulan ke cinyewa.

Abin da ya fi damun mu shi ne lafiya. Tayar da ta kama fiye da kima tana ɗaga kan babur sama a tsakiyar hawa, shi ya sa masu manyan injina ke ƙara tsawon ƙafar baya. Ƙarfen da ya haura kilo 150 idan ya faɗo wa mutum ba wasa ba ne. Hular kwano dole ce, haka doguwar tuta da za ta sa na ɗaya gefen jigawa ya hango ka. A Glamis ta jihar Kalifoniya a Amurka doka ce tutar ta kai ƙafa 8 daga ƙasa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma shawararta ita ce kada yaron da bai kai shekara 16 ba ya tuƙa irin wannan babur, abin da ya kamata iyayenmu su yi la'akari da shi.

Shawararmu ga mai shirin saye ita ce ya ari tayar abokinsa mai irin baburinsa ya gwada tukuna. Idan ya rasa zaɓi tsakanin girma biyu, ya ɗauki ƙaramar. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Allah Ya tsare mana matasanmu.