Zafin Jarfa: Wanda Ke Wucewa da Wanda Ke Zama

Wani daren Afrilu, irin daren da zafin Wagadugu ke korar kowa daga ɗaki, ina kwance kan tabarma a tsakar gidanmu na Gounghin sai na ji an kashe babur a ƙofa. Ɗan yayata ne, saurayi ɗan shekara 22. Ya shigo da riga mai dogon hannu cikin wannan zafin, ya durƙusa ya gaishe ni, ya daɗe yana wasa da makullin babur. Can ya ce, "Kawu, don Allah duba mini hannuna, amma kada Inna ta ji."

Ya naɗe hannun rigar, na haska fitilar waya. Sunan mahaifiyarsa ne, sunan da kunya ba ta barinsa ya furta da baki, aka rubuta masa da baƙar tawada a cikin damtse kwana uku da suka wuce. Wurin ya kumbura, ya ɗauki zafi kamar garwashi, ruwa na tsattsafowa daga gefen haruffan. Na tambaye shi yadda ya jure allurar. Ya ce, "Ai ban ji komai ba, Kawu. Tramol biyu na sha kafin a fara."

Ni ɗan wanzami ne, kuma ma'aikacin jinya. Kakan mahaifina ya zo ƙasar Mosawa ne cikin ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, ya sauka a zango da zabirarsa, bai ƙara gaba ba. Na tashi ina riƙe wa mahaifina ƙoƙon ruwa yana aski, yana ƙaho, yana tsaga. Daga baya na yi shekaru ina wanke raunuka a asibiti. Abin da sana'o'in nan biyu suka koya mini ɗaya ne: zafin da mutane ke gudu a lokacin zanen jiki shi ne ƙaramin, kuma garin gudunsa ne suke faɗawa cikin babban.

Mun san jarfa kafin mu san inji

Samarin da ke ganin zane a hannun 'yan ƙwallo a talabijin, ko suke taruwa a bakin filin wasa na 4 Août da ke nan kusa da mu, suna zaton baƙon abu ne da suke kira tatuwaj. Hausa tana da sunansa tun tuni: jarfa. Muna da tsagar gado wadda ke nuna Bagobiri ko Bakabe ko Bakatsine, muna da bille, muna da shasshawa da 'yar baka da 'yan mata ke yi don ado. Wanzami ya tsaga da aska, ya shafa kunkunniya ko garin gawayi, idan ya warke baƙin ya zauna. Maƙwabtanmu Mosawa su ma da zanensu na fuska. Matan Fulani daga wajen Dori da Djibo kuwa, duba baƙin da ya kewaye leɓensu: da ƙaya ko damin allurai aka yi ta sara har jini ya fito, yarinyar na zaune ba ta ko motsi, domin a wurinsu jimiri rabin mutunci ne.

Ba mu kaɗai ba ne. A 1991 an tsinci gawar wani mutum cikin ƙanƙara a tsaunukan da ke tsakanin Italiya da Ostiriya. Ya mutu kimanin shekara 5,300 da suka wuce, kuma an ƙirga zane 61 a jikinsa, an yi su da baƙin gawayi kamar namu. Injin lantarki sabon shiga ne. Wani mai suna Samuel O'Reilly ne ya yi masa rajista a birnin New York na Amurka a 1891, bayan ya ɗauko dabarar daga wani alƙalamin lantarki na Thomas Edison.

Daga ina zafin yake tasowa?

Fata hawa-hawa ce. Hawan sama, wanda muke gani, kullum yana saɓulewa yana sabuntawa, shi ya sa lalle ke gogewa cikin 'yan makonni. Zanen da ake so ya zauna dole tawadarsa ta sauka hawa na biyu, zurfin milimita 1 zuwa 2, inda jijiyoyin jini da na jin zafi suke kwance. Allurar injin tana shiga tana fita sau ɗaruruwa, wani lokaci har dubbai, a minti ɗaya. Jiki yana ɗaukar wannan a matsayin rauni, ya turo ƙwayoyin tsaronsa su haɗiye tawadar. Ta fi ƙarfinsu, sai su zauna da ita a wurin. Zanen da ake gani, rauni ne da jiki ya kasa sharewa.

Zafin iri biyu ne. Na farko kaifi ne kamar yanka, lokacin da ake jan layi. Na biyu ƙuna ce mai biyo baya, kamar an goga barkono, musamman idan ana cike wuri ɗaya ana maimaitawa. Wuri ma yana da tasiri. Inda fata ta kwanta kan ƙashi, kamar haƙarƙari, idon sawu, gwiwa da ƙashin baya, raɗaɗi ya fi tsanani. Haka inda fata ke da laushi ko yawan jijiya: hammata, cikin damtse, tafin hannu, leɓe. Bayan damtse, cinya da sha-raɓa sun fi sauƙi don akwai tsoka. Mahaifina bai karanta wannan a littafi ba, amma ya san jarfar kunci ba ɗaya take da ta goshi ba.

Rage zafi ba tare da sayen wata cuta ba

Abin da ya fi taimako ba a sayar da shi a kanti. Mutum ya yi barci sosai, ya ci abinci mai riƙe ciki, ya sha ruwa. Mai yunwa ko gajiya zafi ya fi kama shi, shi ne kuma ke yanke jiki ya faɗi. Ina tuna mahaifina ba ya yi wa babba tsaga sai ya tambaya, "Ka karya kumallo?" Sai kuma numfashi: a ja a hankali ta hanci, a sake shi da tsawo. Mai riƙe numfashi yana ɗaure tsoka, zafi ya ninka. Hira tana taimako, sauraron wani abu yana taimako, kuma neman a dakata a huta ba ragwantaka ba ce. Aiki babba a raba shi zama biyu ko uku, domin jimirin jiki yana raguwa idan zama ya yi tsawo.

Akwai wata dabara da tsofaffinmu ke yi: yayin da wanzami ke aiki, wata gwaggo na matsa hannun yarinya ko tana murza mata kafaɗa. A 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka bayyana cewa saƙon taɓawa da na matsi yana iya rage saƙon zafi a laka kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Gwaggo ta riga su sani da hannunta.

In sai an sha magani, farasitamol ya wadatar, bisa ƙa'idar da ke jikin kwalinsa, kuma mai ciwon hanta ya tambayi likita tukuna. Asfirin kuwa a bar shi, yana tsinka jini, wurin ya yi ta zuba. Giya ma haka. Akwai man da ke kashe jin zafin fata, mai sinadarin lidokayin, wanda ake shafawa kamar awa ɗaya kafin a fara. Yana aiki, amma sai da shawarar likita ko mai farmasi, a ɗan wuri kaɗan, ba kan fatar da ta fashe ba. A 2007 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi bayan mutuwar wasu 'yan mata biyu da suka lafta irin wannan man a ƙafafunsu suka naɗe da leda. Maganin ya ratsa fata ya shiga jini.

Tramol shi ne ya fi tayar mini da hankali. Wanda ake tallarsa a bakin titi ba wanda ya san ƙarfinsa. Yana jawo farfaɗiya, yana danne numfashi, yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi. Ga kuma wata illar da ba a faɗa: jiki magayi ne. Zafi shi ke sanar da kai cewa allura ta zarce, ko mai zanen ya daɗe yana cin wuri ɗaya. Ɗan yayata ya kashe wannan ɗan aiken, aka yi ta huda shi fiye da kima yana murmushi. Gudun gara, ya faɗa gidan zago.

Zafin kwana na uku

Sabon zane yana zafi kamar ƙuna kwana ɗaya ko biyu, sannan ya fara lafawa, ya yi ƙaiƙayi, ya yi ɓawo, saman fata ya warke cikin mako biyu zuwa huɗu. Wannan hanyarsa ce. Amma idan a kwana na uku zafi ƙaruwa yake, ko kumburi na yaɗuwa, ko akwai mugunya da wari da zazzaɓi, to ƙwayar cuta ta shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan ba a jira, ba a shafa toka ko man goge baki ko garin kafso. Asibiti ake zuwa. Babban asibitin Yalgado Ouédraogo yana da sashen cututtukan fata.

Wagadugu kuma garin babur ne da jar ƙura. Wanda ya fito da ɗanyen rauni ya hau babur a lokacin hunturu ko cikin gumin bazara, ya san abin da yake kwasa. A wanke hannu, a wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu marar turare sau biyu a rana, a tsane shi da ƙyalle mai tsabta, a shafa mai ɗan kaɗan. Man kaɗanya, da Allah ya wadata ƙasar nan da shi, yana tausasa fata idan tatacce ne kuma raunin ya rufe. A sa tufa mai sakin jiki, a kare shi daga rana, kada a sosa, kada a ɓare ɓawon.

Sai wanda ba ya zafi ko kaɗan, shi ne kuma mafi muni. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a yankinmu, ƙwayarsa tana iya rayuwa mako guda a busasshen jini kan allura ko aska. Nau'in C da ƙanjamau su ma ta nan suke bi. Mutum ya yi shekaru yana yawonsa lafiya lau, hanta na lalacewa shiru. Allura sabuwa da aka yage a gabanka, tawada da aka zuba maka kai kaɗai, safar hannu, waɗannan ba alfarma ba ne. Wanda ya rage maka jaka biyu ya yi maka da allurar wani, araharsa ba ta ado. Wannan gargaɗin ya shafi wanzamanmu da masu huda kunne daidai wa daida.

Baƙar fata kuma tana da halin yin tabo mai tudu, wanda ke girma ya wuce raunin, ya yi ta ƙaiƙayi shekara da shekaru, musamman a ƙirji, kafaɗa da kunne. Wanda ya taɓa yin irinsa, ko yana cikin danginsu, ya nisanci allura. Mai ciwon sukari, mai amosanin jini, mai shan maganin tsinka jini da mai juna biyu, su ma haka. 'Yan'uwana mata, ku ma ina da magana: jan lalle na ganye lafiya ne, amma baƙin da ake haɗawa da rinin gashi yana ƙona fatar wasu har ya bar tabo a siffar zanen.

Kafin a zauna kan kujera

Ba zan ɓoye ra'ayina ba. Ni Musulmi ne, kuma hadisin da ya la'anci mai yin jarfa da wadda ake yi wa yana cikin Buhari da Muslim. Malamanmu a nan zango sun daɗe suna faɗa. A Najeriya ma dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana yi wa yaro zane ko tsaga. Goge zane da hasken leza kuwa yana da tsada, sai an yi zama da yawa, masu yinsa da dama sun ce ya fi sakawa zafi, kuma yana iya barin ɗigon fari ko baƙi a fatarmu. Idan yaro ya tambaye ni, zan ce kada ya yi. Amma wanda ya riga ya yi, ɗanmu ne. Tsoron faɗa ne ya sa ɗan yayata ɓoye hannunsa kwana uku cikin riga, kuma kwanakin nan uku su suka ba ciwon dama.

Washegari na kai shi wajen likita. Aka wanke, aka ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, aka yi masa allurar tsinkau-tsinkau. Da lokacin gwajin hanta ya yi aka gwada, Allah ya rufa asiri, aka fara masa rigakafi. Hannun ya warke, sai dai harafin ƙarshe ya tashi ya yi tudu.

Yaya ta gani, ai uwa ba a ɓoye mata. Ta daɗe tana kallon sunanta a jikin ɗanta. Sai ta kai yatsa ta shafa billen da ke kuncinta, wanda mahaifinmu ya yi mata tana jaririya, ta ce, "Ni ba a tambaye ni ba. Kai da Allah ya ba ka baki, da ka zo ka tambaya."

Mahaifinmu ya bar tsaga tun kafin rasuwarsa, ya tsaya ga aski. Ina yaro nakan ji ana cewa wanzami ba ya son jarfa, na ɗauka tsoron aska ake nufi. Sai da na girma na lura cewa shi ne ke komawa gidajen bayan kwana uku, ya kwance tsumma ya duba. Ya san abin da ke biyo bayan aska. Zabirarsa tana nan rataye a ɗakina, kuma duk saurayin da ya zo mini da maganar zafin allura, nakan sauko da ita, in zaunar da shi, mu fara daga kwana na uku.